Sake shimfiɗa bututun fetur a tsohuwar mota, daga tanki har kafireta

Injin Peugeot 504 ko 404, ko na tsohuwar Land Cruiser mai kafireta, makanikan Maraɗi sun san ciki da bai ɗinsa. A sauke shi, a sa masa sabon ringi, a mayar, ya ƙara shekaru yana aiki. Bututun da ke ɗauko fetur daga tanki zuwa gaba kuwa ba mai waiwayarsa sai ranar da ya fara ɗiga. 504 ta fito a 1968, masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975 ta daɗe tana haɗa ta. In motarka ta shekarun 1980 ce, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya kai shekara 40 ko yana dab da kaiwa. A tsawon wannan lokaci an yanke shi, an yi masa ƙari da guntun tiyo, an ɗaure da waya, a wata motar ma an zare ƙarfen gaba ɗaya an ja roba tun daga baya har gaba. Wannan doguwar robar ita ce ta fi tayar mini da hankali in na leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci, domin ita ce kan jawo gobara.

Tsarin da nake so ka bi shi ne ƙarfe a tsawon hanya, roba a gaɓoɓi kawai, nesa da zafi, a ɗaure ta yadda babu inda ke gugar wani abu.

Da sassafe, kafin ka tada mota, zagaya ta ka shaƙa. Warin fetur a motar da ta kwana a kashe yana nufin akwai inda yake tsattsafowa. Buɗe bonet, ka kama kowane tiyo ka lanƙwasa shi kaɗan tsakanin yatsu. Mai lafiya yana lanƙwasuwa ya dawo daidai. Wanda ya mutu ko dai ya ƙandare ƙananan tsage-tsage su buɗe a bayansa, ko ya yi laushi yana danƙo ya bar maka baƙi a hannu. Mai rigar zare a waje ya fi yaudara, domin zaren yana ɓoye tsagar. In ka ga ƙura ta manne masa ta yi duhu a wuri ɗaya, a nan yake jiƙewa.

Akwai kuma alamar zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, mota ta taho lafiya lau daga Tasawa ko Gidan Rumji, a tsaya a shinge na ɗan lokaci, a tashi tafiya ta yi shaƙuwa ta mutu. A bar ta ta huce, ta tashi salin alin. Nan da nan sai a ɗora wa kwayil ko kafireta laifi. Sau da yawa fetur ne ya tafasa a cikin bututu. Fetur gauraye ne na abubuwa da yawa, mafi rashin nauyi a cikinsu yana fara zama tururi tun wajen digiri 35 zuwa 40. Famfon da ke jikin inji kuma tsotso yake yi daga nesa, tsotson nan yana ƙara sauƙaƙa tafasar. Da zarar tururi ya cika famfo, sai ya yi ta bugun banza ba abin da ke hawa kafireta. Gwajin ba wuya: jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora a kan famfon da bututun da ke shiga cikinsa. In ta tashi da wuri, ka gano bakin zaren.

Kafin ka kwance kusa ko ɗaya

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Gangarawa yake ya bi ƙasa, ya taru a ramin gareji, ya yi tafiya mai nisa har ya sami garwashi. Saboda haka fara da duba kewayenka: furnon shayi, mai walda na maƙwabta, mai shan taba, janareta. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, da safe kafin rana ta take, inji a sanyi. Cire wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar ragi, ka kawar da ita gefe. Ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da hannunka, da bokiti cike da yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sa mata ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, ka tokare tayoyi.

Juye fetur ɗin a jarka mai murfi ta kusar ƙasan tanki in akwai, ko da famfon hannu. Zuƙo shi da baki al'ada ce da ya kamata a bari, kurɓi ɗaya da ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti.

Sai ka ɗauki hoton tsohuwar hanyar da wayarka, gaɓa bayan gaɓa, kafin ka taɓa ta. In ƙarfen asali na kamfani yana nan, yi ƙoƙarin fitar da shi ɗungurungum ba tare da ka miƙe shi ba. Shi ne ma'aunin da za ka lanƙwasa sabon a kai.

Tanki fa? Ba amfanin sabon bututu a kan tanki mai tsatsa. Motar da ta shekara da shekaru tana shan man kwalba na bakin hanya, ba a rasa yashi da ruwa a gindin tankinta. Ɗiga na ƙarshen abin da ka juye a farar kwalba ka ɗaga ta a haske. Ruwa yana kwanciya a ƙasa, tsatsa tana yin ja-ja. In da yawa, sauke tankin a wanke shi, a duba ragar bakin bututun ciki, a bar shi ya bushe sarai. Duba ƙofar shan iska ma, ko a murfi take ko wani siririn tiyo ne. In ta toshe, famfo zai yi ta ja har ya gaji, mota ta mutu, a buɗe murfi a ji tsss ta iska tana shiga. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari wajen wuta, kada a kusanto shi da walda ko injin gurza ƙarfe.

Abin da za ka saya

Ga injinan Peugeot ɗin nan masu lita 1.6 zuwa 2, bututun milimita 8 ya isa kai mai, na milimita 6 kuma na mayar da rarar mai tanki. Auna na motarka ka tabbatar. Ka tuna ƙarfe ta waje ake auna shi, tiyo kuwa ta ciki: tiyo mai ramin milimita 8 shi ke hawa ƙarfe mai kaurin milimita 8, ya shiga da ɗan tauri. In ya zura ba wahala, ya yi yawa, kuma babu ɗaurin da zai gyara wannan.

Bututun ƙarfe mai rufin hana tsatsa shi kamfani ya sa, yana jure dutse da gargada, sai dai taurin lanƙwasa. Wanda na fi so shi ne gaurayen tagulla da nikel, mai kashi 90 tagulla da kashi 10 nikel. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, girgiza ba ta saurin karya shi. Wanda ya fi sauƙin samu a gari shi ne jan tagulla zalla na masu gyaran firji, kuma a nan ake faɗawa. Tagulla zalla tana ƙara tauri duk lokacin da ta girgiza, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya har ta karye a hannunsa. Kan hanyar burji wannan girgizar ba ta tsayawa. In babu yadda za ka yi sai ita, to ka matso da maɗaurai kusa da juna, kada ka bar ko taƙi ɗaya yana lilo, kada kuma ka haɗa ta kai tsaye da jikin inji.

Tiyo kuwa, karanta rubutun da ke jikinsa. Wurin mai kayan gyara, a Babbar Kasuwa ne ko a shagunan bakin titi, kada ka tsaya a "Alhaji, a ba ni durit mita biyu". Ce masa, "Alhaji, na fetur nake so, mai rubutu a jiki, bari in gani." Wanda aka rubuta wa SAE J30 R6 ko R7 na ƙaramin matsi ne, ya dace da kafireta. R9 na motoci masu injakta ne, yana da shimfiɗa ta musamman a ciki, ya fi jure zafi da fetur mai gauraye, in ka same shi saye shi ko da kafireta gare ka. Na Turai kan zo da lambar DIN 73379. Wanda babu rubutu ko kaɗan, bar masa kayansa. Farin tiyo mai nuna ciki, irin na magina da na babur, cikin ɗan lokaci yake ƙandarewa ya tsuke ya zame daga baki. Tiyon ruwa da na iska su kuma fetur narka su yake yi daga ciki, ɓarɓashinsu ya je ya toshe kafireta.

Haɗa da kolye, wato zoben matse tiyo, daidai girman tiyon, masu santsin ciki. Irin masu hudar nan da ake ɗaure tiyon lagireto da su suna cin roba, kuma in sun yi girma ba sa matsewa a zagaye, sai su bar kusurwa. Sai maɗauran bututu masu shimfiɗar roba, robobin rami, da sabuwar filta.

Zaɓen hanya

A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Kwanta ƙarƙashin motar da doguwar waya mai ɗan tauri, ka bi da ita inda kake so bututu ya bi, kana lanƙwasa ta. Hanyar kamfani ita ce ta farko da za ka duba, sai dai a tsofaffin motoci sau da yawa an sake wa salansa hanya, wurin da da can yake da sanyi yanzu yana dab da zafi.

Bi ta gefen da salansa ba ta bi ba. Inda dole su kusanci juna, bar tazarar santimita 15 ko fiye. In wuri bai ba da haka ba, sa garkuwa ta falon alminiyam a tsakani, da sarari ta kowane gefe don iska ta ratsa. Garkuwar da ta manne da bututu kai masa zafi take yi. In za a tsallaka salansa, a tsallaka ta a gicciye, kada su jera tare, kuma wurin ya zama ƙarfe zalla, ba gaɓa ba roba.

Bututu ya bi ta cikin shasi ko gefen ƙarfafan ƙasan bodi, inda wani ƙarfe ya fi shi kusa da ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Dakoro ko Mayahi, ko ya sauka daga kwalta ya shiga yashin ƙauyukan Madarunfa, ya san cikin mota yana shan duka. Abin da ya fi komai sauka shi ke fara karɓa, kada ya zama bututun mai. Ka nisanci wuraren da ake sa jak, yaran faci ba sa dubawa kafin su ɗaga.

Sai abubuwa masu motsi: farfela (sandar da ke juya tayoyin baya), wayar birkin hannu, sandunan sitiyari, sifirin da aksul na baya. Motar da ke kan ƙafafun ƙarfe tayoyinta a sake suke, sararin da kake gani yanzu ba shi ne na gaskiya ba. Ranar da aka loda mata buhunan gero da fasinja, bayan zai zauna, aksul ya hau sama. Duba robar da aksul ke bugawa in mota ta zauna, ka ƙiyasta iyakar hawansa, ka bi da bututu sama da nan. A gaba kuma juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kana kallo.

Kada fetur ya ratsa ta cikin ɗakin fasinja, ko da ya fi gajarta. Kada a ɗaure shi a jikin wayoyin wuta ko bututun birki. Duk inda zai ratsa hudar ƙarfe, sa robar rami, domin bakin falo wuƙa ne ga bututu mai girgiza.

Lanƙwasa da ɗauri

Miƙe sabon bututun a ƙasa mai tsabta, ka toshe bakunansa biyu da salatif don ƙura. Yanke da mayankin bututu mai zagayawa. Zarto yana zuba ɓarɓashin ƙarfe a ciki, ƙwaya ɗaya kuma ta isa ta hana allurar da ke tsayar da shigar mai cikin kafireta rufewa. Bayan yanka, kankare leɓen ciki da na waje.

Lanƙwasa da abin lanƙwasa in kana da shi. In babu, naɗa a jikin wani abu mai zagaye, tsohon fuli ko babban soket, a hankali, kana matsawa da manyan yatsu kaɗan-kaɗan. Wasu kan cika shi da busasshen yashi don kada ya lotse. Dabarar tana aiki, amma ni ba na son ta a bututun mai, domin fitar da yashin duka ba tabbas. Gwiwar da ta lotse ko kaɗan ta rage hanyar mai, kuma a nan za ta karye. Yanke ta, kada ka yi ƙoƙarin miƙe ta. Fara daga gefen tanki, kana gwadawa a jikin mota bayan kowace gwiwa. Gara guda ɗaya tun daga baya har gaba, kowane ƙari wurin ɗiga ne na gobe.

Kowane bakin da tiyo zai hau yana son ɗan kumburi a ƙarshensa. Da abin buɗa bakin bututun birki ake yin sa: matakin farko kawai, wanda ke tara ƙarfen ya yi ɗan tudu mai santsi, ba mai kaifi ba. Tiyo ya hau ya wuce tudun da santimita 2 zuwa 3, kolye ya zauna a bayan tudun. In babu tudun nan, zafi da girgiza suna zare tiyo sannu a hankali ko da an matse shi.

Hura iska ta ciki, sannan ka ɗora. Maɗauri kowane santimita 30 zuwa 40, da ɗaya kusa da kowace gwiwa da kowane baki. In ba a sami masu roba ba, yanko tsohuwar robar cikin taya ka naɗa kafin ka matse. Waya ba maɗauri ba ce, yanka take yi. In za ka huda sabon rami, leƙa abin da ke bayan falon tukuna, ka tabbata ba warin fetur a wurin, ka shafa wa ramin fenti bayan ka gama. Da ka ɗaure duka, bi shi da hannu kana girgizawa. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai inda yake taɓa bodi.

Roba wuri uku take: tanki zuwa ƙarfe, ƙarfe zuwa famfo, famfo zuwa kafireta. Ta tsakiyar ita ce mai wahala, domin inji yana rawa a kan robobinsa shasi kuwa yana tsaye. Ba ta ɗan rara ta yi baka mai laushi, kada ta miƙe tsam, kada kuma ta yi tsawon da za ta kwanta a kan wani abu. In robobin zaman inji sun mutu, canza su, in ba haka ba injin zai yi ta fizgar sabon tiyonka. Matse kolye har robar ta fara ɗan tasowa a gefensa, ka tsaya.

Ga wani abu ƙarami da ake tsallakewa. A kafireta da famfo da yawa na wancan zamani, irin su Solex, ɗan bakin tagullar da tiyo ke hawa cusa shi kawai aka yi a jikin alminiyam, ba zare. Shekaru da zafi suna sassauta shi. Kama shi da yatsu ka murɗa, ka ja. In ya motsa ko kaɗan, a gyara shi kafin mota ta fita, a yanka zare a sa mai kusa. Ranar da ya fita inji na tafiya, famfo zai ci gaba da feso fetur a kan inji mai zafi.

Filta ta zauna kafin famfo, a ɗaure a jikin bodi, kibiyar jikinta tana kallon inji, nesa da manifol da wayoyin fulogi. Yadda ake yawan rataye ta tana lilo dab da kafireta kuskure ne: nauyinta ke jan ɗan bakin tagullar nan. Mai jikin gilashi ba ta hanyoyinmu ba ce.

In har yanzu tana tafasa

Sabuwar hanya mai nisa da zafi takan wadatar. In ba ta isa ba, abin da ya fi aiki shi ne layin mayarwa. Wasu motocin da shi suka zo, wani ya toshe shi da kusa don ya huta, buɗe shi. In babu, akwai filta mai baki uku da ake sawa tsakanin famfo da kafireta, a ɗaure sosai, ƙaramin bakin yana sama. Tururi da ɗan mai suna fita ta nan su koma tanki, sabon mai mai sanyi ya riƙa zagayawa. Ramin mayarwar ya zama ƙanƙane, milimita 1 zuwa 1.5, in ya fi haka kafireta za ta ji yunwa a hawan tudu. Shigarsa tanki a yi ta a jikin farantin gejin mai ko wuyan zuba mai, bayan an cire su daga motar an wanke an kai nesa. Ba a huda tanki a jikin mota.

Famfon wuta ma yana magance tafasa, domin turawa yake daga baya. Amma a zaɓi na kafireta, mai matsin 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin matsi na bar. Na injakta yana kai wa bar 3, zai danne allura ya cika kafireta ta yi ambaliya. A ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, da filta a gabansa, da fis da rile nasa, kuma a haɗa shi ta yadda zai tsaya in inji ya mutu, misali ta maɓallin matsin baƙin mai. Famfon da ke ci gaba da aiki bayan hatsari yana juye tanki a kan hanya. Tsohon famfon inji a cire shi a rufe wurin da falo, ko a kewaye shi, domin in fatarsa ta yage fetur gangarawa yake cikin baƙin mai. Wanda ya sauya inji ya sa mai injakta kuwa, R6 da R7 sun fita daga lissafi, R9 ne da kolye masu ƙarfi, kuma ya tuna matsi yana nan a cikin layi ko bayan an kashe mota.

Gwaji

Zuba lita 5 zuwa 10, ka jira, ka duba gefen tanki kafin komai. Mayar da wayar batir. Ku zama ku biyu, ɗaya a sitiyari, ɗaya a gaba da abin kashe gobara, ku yi yarjejeniya da an ce "kashe" ba tambaya. Za ta ɗan jima kafin ta tashi, layin babu komai a ciki. Da ta tashi, bi kowace gaɓa da farar takarda busasshiya. Ido yana rasa ɗigon da zafi ke busarwa nan take, takarda kuwa tana nuna tabo. Bar ta ta yi zafi sosai, kashe, ka sake bi bayan minti 10, lokacin ne zafi ke taruwa a ƙarƙashin bonet.

Sai ka fita da ita, ka haɗa da hanya mai gargada, da lodi in zai yiwu. Ka dawo ka sake shiga ƙarƙashi ka nemi wurin da ƙarfe ya yi ƙyalli, alamar guga ke nan. Bayan mako guda sake matse kowane kolye, sabuwar roba tana zama. Zaro sandar awon baƙin mai ka shaƙa, in da warin fetur ko ya haura alama, fara zargin famfo.

Daga nan duk ranar juyen baƙin mai a lanƙwasa tiyon nan uku a gani. A zafin nan namu ni ba na barin roba ta wuce shekara 3 zuwa 4 ko da tana da kyan gani. A but kuma a ajiye rabin mita na tiyo mai rubutu, kolye huɗu, filta ɗaya da sukudireba. In wari ya taso kana tafe, sauka gefen hanya nesa da busasshiyar ciyawa, kashe inji, fasinja su fita su yi nisa. In ka ga hayaƙi, kada ka wangale bonet, ɗaga shi kaɗan kawai ka fesa hodar ta wannan kafar.